Mun Kai Kakana Ya Mutu a Garin da Ba a San Shi Ba

Lokacin da abin ya faru ni bazawara ce a Gure ta ƙasar Nijar, ina tuyar ƙosai a bakin kasuwa, kuma ni ke jinyar kakana na wajen uba. Tun yana saurayi ya taso daga wani ƙauyen Haɗeja da jakunan goro, ya zauna a Gure, ya yi aure, ya iya Barbarci kamar a bakin uwa ya sha. Ya haura shekara ɗari. Matarsa, abokansa, har mahaifina, duk shi ya raka su maƙabartar garin. Idanunsa sun tafi amma hankalinsa garau, kullum yana tsokanata da cewa ni ce matarsa marowaciya mai ba shi ƙosai ƙonanne. Magana ɗaya yake nanatawa, a binne shi kusa da mutanensa.

Sai baffana, ƙanen mahaifina, ya ɓullo da wa'azi. Wai abin kunya ne dattijo ya mutu a baƙunta, dole a mai da shi inda aka binne cibiyarsa. Baƙunta fa, bayan shekara tamanin da wani abu! Kowa ya san ɗakin tsohon ke kallon hanyar kasuwa, baffa kanti yake so. Kaka ya ce ko gawarsa ba ta zuwa. Sai aka shirya a ce masa wajen likita za a kai shi a Damagaram. Da ya ji ƙarar mota ya lalubo hannuna, ya tambaye ni ko gaskiya ne, don ni kaɗai ya yarda da ita. Na gaji da wankin tsumma, na gaji da faɗan baffa, na ce masa gaskiya ne. Da hannuna na sa masa hula.

Can ƙauyen ba wanda ya san shi. Jikokin wansa suka karɓe mu a daƙile, suka ba mu ɗakin ajiyar dawa. A Gure ana ce masa Bahaɗeje cikin wasa da girmamawa, a nan kuwa yara ke leƙowa suna kiransa tsohon Faransa, wato mutumin Nijar. Da ya ji muryar ladanin da bai sani ba ya gane komai. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya juya fuska bango, ya daina tsokanata, ya ƙi cin abinci daga hannuna. Bai yi wata ba ya cika. Mutumin da rabin Gure za su rufe kantuna don jana'izarsa, sahu biyu ba su cika a kansa ba.

Kafin sadakar arba'in baffa ya shafe ɗakin da fenti, ya jera buhunan shinkafa. Har yau ba na gaishe shi, kuma duk mai cewa in yi haƙuri don zumunci ya riƙe nasiharsa. Amma haushin kaina ya fi, don baffa bai isa ya sa tsohon a mota ba sai da bakina.

Na koyi cewa garin mutum shi ne inda ya binne nasa. Masu jinyar tsofaffi, in kun gaji ku ce kun gaji, ku nemi taimako. Kada ku yi wa makaho ƙarya don ba ya ganin hanya. Ni na yi, ga shi kabarinsa ma sai na ƙetare iyaka kafin in roƙe shi gafara.