Ranar da Kalangu Ya Buɗe Mana Iyaka

Muna tsaye bakin iyaka wajen Kamba, ni da makaɗan da na ɗauko daga Nijar, sai wani ma'aikacin kwastan ya leƙa bayan motarmu ya ga kalangai. Lokacin ba a raba jihar Sakkwato ba, muna cikinta, kuma sana'ata ke nan, kawo makaɗa wasa. Can Argungu an riga an yi shela, jama'a na jiranmu.

Ya ce, "Alhaji, kayan ga na sayarwa ne. Ba su wucewa."

Na yi magiya har bakina ya bushe. Sai wani tsohon mawaƙi cikin makaɗan ya matso ya ce, "Yallaɓai, ɗan wa kake?"

"Ɗan masunci ne ni, daga Argungu."

Tsoho ya saɓa kalangu ya shiga kirarin masunta, yana yabon uban mutumin da goransa da homarsa ta kamun kifi. Bawan Allah sai idonsa ya kawo ruwa. Ya tuɓe hularsa ya aza wa tsoho, ya ce, "Lalle ba na sayarwa ba ne. Ku wuce."

Da la'asar wasa ya kankama, ina waigawa sai ga shi a sahun gaba, kai ba hula, yana tiƙar rawa.

Ku fa, wane kiɗi ne ke tuna muku gida?