Mai Hoto a Unguwar 'Yan Banda

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta bayan kasuwar Yelwa, ko da wane sabulu ya yi wanka sai an ji ƙaurin kifi a jikinsa. Unguwar 'yan banda ce, gidajen ƙasa da zana, kwata na ratsa kowane lungu, haya kuwa ba a cewa komai don araha. Kakata ta wajen uba, Kaka Ige, tana da murhun bandarta a tsakar gidan da muke haya. In an idar da isha'i sai ta zauna tana juya kifi a kan raga, mu yaran gida da na maƙwabta mu kewaye ta, hayaƙi na shiga mana ido, ba mai matsawa. Ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Sai ta buga itace a gindin murhu ta ce, "Ga ta ta taso daga gulbi." Mu ce, "Ta sauka mu gan ta."

Babana mai hoto ne. Kullum cikin farar riga yake, fes, da kyamara rataye a wuya, abin da ya sa nake ganin zamanmu a unguwar nan zalunci ne. Ban san gidan ma shi ne rabin sana'ar ba. Ranar kasuwa kwale-kwale na sauke mutanen tsibirai da na ƙauyukan Ngaski da Shanga, taku kaɗan suna ƙofarmu. Mazan a tsaye ake ɗaukarsu jikin bango. Matan kuwa ba sa yarda a ɗauke su a waje, cikin gida suke shigowa, su wanke taɓon ƙafa a bakin randa, Inna ta ara musu gyale da kwalli, Kaka ta yi ta jan su da hira da Gunganci, yaren mutanen tsibiran, har tsoron kyamara ya sake su. Ba mai sallama sau biyu a gidanmu.

Da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, sai kowa ya zama mai neman hoton fasfo: mai neman aiki, mai neman takardar shaidar ɗan jiha, har da wanda bai san me zai yi da shi ba. Baba ya samu abin hannu. Shi ke nan sai ya kama gidan siminti a sabuwar unguwa can gefen gari, mai ƙofar ƙarfe da famfo, yana cewa yanzu manyan ma'aikata zai riƙa ɗauka. Kaka ta ƙi bin mu, ta ce kifinta bai san hanyar can ba. Ni fa baki har kunne don murna. Ba 'yar ajinmu da ban gaya wa mun bar unguwar ƙauri ba.

Manyan ma'aikatan ba su zo ba, ashe Birnin Kebbi suka nufa, can suke hotonsu. Mutanen tsibiri kuma wa zai bar kwandonsa a kasuwa ya taka wannan nisa, jirgi ya tashi ya bar shi? Wasu mata da suka daure suka zo, matar mai gidan da muka kama haya ta tsaya tana kallon ƙafafunsu, ba su sake dawowa ba. Kafin damina ta zagayo haya ta gagara. Muka dawo da tsakar rana, kayanmu a kan amalanke, 'yan unguwa na zaune a inuwa suna ce mana sannu da zuwa. Wallahi da ƙasa za ta tsage a ranar, da na shige.

Ɗakinmu na da an ba wasu. Mu da Inna muka cusu a ɗakin Kaka, Baba ya shige ɗan ƙaramin ɗakin duhun da yake wanke hoto, ya ja ƙofa. Ko masallaci sai da duhun asuba yake fita. Muka ji ya aika wa wani mai hoto na Kontagora cewa ya zo ranar kasuwa ya sayi kyamarar. Inna ta yi kuka ta gaji. Wadda za ta iya tanƙwara shi ita ce Kaka, to amma Baba ɗan farinta ne. A al'adarsu ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, ba ta duban fuskarsa. "Wancan" take ce masa, in tana da saƙo kuwa sai ta ba ni in kai. Shi ya sa ma duk garin nan ya ɗauka amma bai taɓa ɗaukar uwarsa ba.

Ana gobe kasuwa, yara suka taru kamar kullum. Na lura Kaka ta juya kujerarta, ta ba murhu gefe, bakinta na fuskantar ɗakin duhu. Ta kuma ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Wai wata balbela ce ke bin shanun Fulani a bakin gulbi. Shanu na taka ciyawa, fara na tashi, tana cafewa. Wata shekara fara ta yi yawa, balbela ta yi ɓul-ɓul. Ta leƙa ruwa ta ga kanta, ta ce, "Ashe haka nike hwara tas? Mi ya haɗa ni da kashin shanu?" Ta kwashe 'ya'yanta ta koma kan dutse inda mikiya ke zaune. Iska mai daɗi, ba ƙuda, ba wari. Amma ba saniya a kan dutse, don haka ba mai tada fara, mikiya kuwa ko gaisuwarta ba ta amsawa. Da yunwa ta ci ƙarfinta ta sauko, sai kunya ta hana ta komawa cikin garke. Ta shige cikin ciyawar bakin ruwa ta laɓe, har tana cewa gara ta fige fukafukanta ta huta.

"To akwai wata tsohuwar saniya," in ji Kaka, "da ta san ta tun tana ƙwai. Saniya dai ba ta magana da tsuntsu, haka Allah ya yi su. Sai ta baro garke, ta zo daidai wurin, tana ta tattaka ciyawa, hwara na tashi, ita ko kanta na ƙasa awa ba ta san da kowa ba."

Ta koma juya kifinta. Muka ce, "Kaka, ta fito?"

"Ni dai na baro saniya tana tattaki. Ƙahwahunta sun hwara ciwo."

Sai Sani, ɗan maƙwabtanmu mai bakin tsiya, ya yi tsalle ya ce, "La! Ai baban Balki ne!" Yara suka kwashe da dariya. Ni ce Balkin, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na tashi na shige ɗaki ina kuka, ina jin haushin Kaka har cikin raina. Tsohuwa ta tara yaran unguwa ta tona mana asiri! Ƙofar ɗakin duhu kuwa tana nan a rufe.

Da safe, jiragen farko na isowa, na fito na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Kaka ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take ajiya a ƙasan kwalla, ta yafa gyalen Inna na aro, ta zauna a kan bencin da matan ƙauye ke zama. Wasu mata 'yan tsibiri sun riga sun shigo gaishe ta, suna tsaye suna kallo.

"Ke mai kumbure-kumbure," ta ce mini, "tahi ki ce ma wancan ana biɗar mai hoto."

Na je bakin ƙofa na faɗa. An daɗe kafin ƙofar ta buɗe. Baba ya fito, rigarsa duk ta yamutse, kyamara a hannu. Ya tsaya gabanta ya sa ido a kyamara, ita kuwa kanta na sunkuye tana kallon yatsun ƙafarta. Kowa ya san abin da mai hoto ke cewa a nan, amma ya kasa. Sai da ƙyar ya ce, "Inna, a ɗago kai."

Ta ɗago. Ta dube shi ido cikin ido, a gaban baƙi, a gaban surukarta. Na ga gumi na bin goshinta, leɓenta na motsi, amma ba ta kau da kai ba har ya danna. Tana jin ƙarar ta tashi da sauri ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai azahar. Ɗaya daga cikin matan ta zauna a bencin ta ce saura ita. Da mutumin Kontagora ya iso, Baba ya fita ya ba shi haƙuri a ƙofar gida.

Na girma, aure ya kai ni Sakkwato, daga baya Kaduna. Ko'ina na je, in na nemi mai hoto, a lungun bayan kasuwa ko bayan tasha nake samun gidansa, inda haya ke da sauƙi, jama'a ke kusa, mai taɓo a ƙafa kuma zai iya shiga bai tsargu ba. Na daina yi musu kallon marasa zuciya. Abin da ya fi daɗewa kafin na gane shi ne abin da Kaka ta yi. Ni kunyar amalanke da dariyar yara ta dame ni, har na yi kwanaki ba na gaishe ta da kyau. Ita kuwa kunyar da ta riƙe tun haihuwarta ta fari, wadda ita ce mutuncinta a idon tsararrakinta, ita ta ajiye a gaban mutane don ɗanta ya fito daga ɗaki. Har yau in na tuna fushin da na yi da ita sai in rasa inda zan sa fuskata.

Hoton bai yi kyau ba. Ya fito dishi-dishi, kuma ba ta sake zama wa Baba ba har ta rasu. Shi kaɗai muke da shi nata. Jikokina kan ce tsohuwar nan tana kallonsu duk inda suka tsaya a ɗaki. Nakan ce musu a'a, ba ku take kallo ba.