Gwaggo Azumi da Igiyar Kunne

Kafin Gwaggo Azumi ta sayi ekuter, sai ta yi tsalle. Wallahi ba ƙari na yi ba, ku mutanen unguwar Sabangali a nan Njamena ai ganau ne. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, ga jiki, ga lulluɓi har ƙasa, za ta tsaya a gaban teburin mai kayan waya ta cusa abin nan a kunnuwa, ta girgiza kai dama da hagu, ta duƙa kamar mai ruku'u, ta miƙe, sannan ta daka tsalle sau uku. In ya faɗo, ta ajiye. In bai faɗo ba, to a lokacin ne za a fara maganar sauti.

Yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara tara har ta kai ni ɗakin miji. Sana'arta dambun nama da farfesun ƙafar sa, don haka kullum hannunta cikin mai da barkono yake, ba damar riƙe waya. Abin da ya haɗa ta da ekuter ke nan, wanda baƙinmu na Najeriya suke ce wa iyafis. Ita dai ba ta yarda da ko ɗaya cikin sunayen ba, "igiyar kunne" take cewa. Da ita take jin wa'azi, da ita take jin labarai, da ita take yi wa masu kawo mata itace faɗa. Kuma dokokinta biyu ne: ba ta sayen wadda ta wuce jaka ɗaya, wato sefa dubu, ba ta kuma yarda da mummunan sauti. In ka ce mata ai kaya mai araha sai haƙuri, sai ta harare ka ta ce, "Kunnena ba juji ba ne."

Ba zan manta ranar da na raka ta wurin Malam Sabi'u ba. Lokacin bai yi wata biyu da zuwa daga Kano ba, ya kafa teburinsa a kasuwa, bawan Allah bai san wadda ta tsaya a gabansa ba. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ga mai kyau nan, sabon shigowa."

"Buɗe."

"Ai ba a buɗewa sai an biya, Hajiya."

"To zauna da abinka. In sayi abin ji ban ji ba?"

Ya buɗe. Ta saka, ta girgiza kai, ta duƙa, ta yi tsalle. Malam Sabi'u ya ja da baya har ya ture kujerarsa, ya dube ni ya ce a hankali, "Lafiyarta ƙalau kuwa?" Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige, ga goyo a bayana, ga mutane sun fara taruwa.

Ta kunna kiɗan kalangun da aka ɗauka a waya ranar bikina, don da shi take gwaji. Ta yamutsa fuska. "Ina gindin kiɗan? Wannan ai sauro ne ya faɗa gwangwani." Aka buɗe na biyu. "Kai, wannan kuma gindin ya yi yawa, maroƙin kamar daga cikin rijiya yake kirana." Na uku ya faɗo tun a girgizar kai. Na huɗu ta ce yana cizo. A na bakwai ta ce na dama ya fi na hagu ƙarfi.

Nan ne Malam Sabi'u ya yi kuskuren rayuwarsa. Ya ce, "Hajiya, ko dai kunnen ne?"

Innalillahi! Gwaggo ta matso. Ta kamo kansa da hannu ɗaya, ta cusa masa abin a kunnuwa, ta ƙure ƙara. Ya saurara, ya saurara, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya na hagun ya yi sanyi."

Kwali goma sha huɗu ya buɗe mata, ba wanda ya ci jarrabawa. Har mun juya sai idonta ya sauka kan wata tsohuwar igiya da ke rataye a wuyansa, an naɗe ta da salatif a wuri biyu. Tasa ce ta amfanin kansa. Ta ce ya miƙo. Ta goge da gefen mayafi, ta saka, ta yi tsallenta, ta saurara, sai fuskarta ta washe. "Yauwa! Ga kalangu ya fito. Kai ashe ka san mai kyau, ka ɓoye a wuyanka kana sayar wa mutane sauro. Nawa?"

Ya ce jaka ɗaya.

"Jaka ɗaya? Kayan gwanjo? Ka ji tsoron Allah, Sabi'u!"

Rabin kuɗi ta biya. Har yau in na wuce teburinsa sai ya dafe kai.

Sai kuma ta unguwar Farcha. Wata safiya muka je mayanka sarin nama, ranar mahaucinta ba ya nan, sai wasu mutum biyu da ba su san ta ba. Gwaggo ta nuna cinyar da take so, ta tsaya igiya a kunne, tana kaɗa kai tana lumshe ido kamar kiɗa ya ratsa ta. Ni na matsa gefe ina duba ƙafafun sa. Ashe ɗayan ya ce wa ɗan'uwansa da Larabci, ko rage murya bai yi ba, "Tsohuwar ba ta ji. Sa mata na jiya a ƙasa, ka rufe da na yau."

Gwaggo ta ci gaba da kaɗa kai. Ta bari suka yanka, suka auna, suka ƙulle. Sannan ta sa hannu cikin mayafinta ta fara jawo igiyar a hankali, a hankali, har bakinta ya fito yana reto. Ba waya. Ba komai. Mabuɗin ɗakinta ne ɗaure a jiki! Ta ce musu da Larabcin da ya fi nasu kyau, "Na jiyan a kai wa matan gida. Ni a sake mini awo."

Mutumin wuƙa ta faɗi daga hannunsa. Sauran mahauta suka kwashe da dariya har da masu buga tebur.

Ni dariyar ba ta zo mini ba. A hanya na ce, "Gwaggo, wannan dabara tun yaushe?"

"Wannan igiyar matacciya ce, ta zuwa Farcha ce da zaman gida."

"Zaman gida?"

"Tun kina fita zance da ɗan kilandon nan, mai hayar babur, da kika aura. Kina tsammanin wa ya gaya mini kin hau bayan babur ɗinsa har bakin kogi? Da bakinki kika faɗa wa ƙawarki, ina zaune ina tsinkar nama. Har ranar da kika ce farfesuna gishiri ya yi masa yawa, ina ji."

La'ilaha illallahu! Shekara nawa muna sakin baki a gaban matar nan muna cewa ai tana jin wa'azi!

Amma abin da ya girgiza dangi gaba ɗaya shi ne kurumtarta. Wata rana ta tashi ta ce kunnenta na hagu ya mutu. Muka tafa a gefensa, shiru. Muka ce a tafi asibiti, ta ce ina! Ta ce haka aka yi wa mahaifiyarta, kunne ya fara tafiya, wata bai zagayo ba ita ma ta bi shi. "Sammaci ne ya zo. Ku kira mini kowa."

Aka taru. Gwaggo ta zauna a tabarma ta raba kayanta. Ni ta ba ni turmi da tukwane biyu, ɗanta Habu da ke aiki a kudu aka kira shi a waya yana ta kuka. Ta daina cin abin kirki, ta rame, ta daina faɗa, kuma rashin faɗan nan ne ya fi tsorata mu. Sai ta ce a kai ta unguwar Abena wurin Hajiya Falmata, abokiyar hamayyarta a sana'ar farfesu, wadda suka shekara goma sha ɗaya ba sa ga maciji. Ina tsaye suka rungume juna suna kuka. Gwaggo ta nemi gafara, ta ba ta babbar tukunyarta ta biki, sannan ta ja ta ɗaki ta karanta mata sirrin haɗin kayan yajinta, abin da ko ni ba ta taɓa gaya mini ba. Ranar na tabbata Gwaggo tafiya za ta yi. Na yi kukan da har muryata ta dushe.

Sai da aka yi mako uku mijina ya ce shi fa ya gaji, ko ta yarda ko ya ɗauke ta cak. Muka kai ta wani ƙaramin asibiti. Likitar mace ce, ta haska kunnen da 'yar fitila, ta daɗe tana leƙe, ta ɗago ta dube mu, ta sake leƙawa. Ta ce, "Mama, kar ki motsa." Ta ɗauko ɗan hantsaki ta zura, ta jawo.

Robar bakin ekuter! Baƙa, 'yar mitsitsiya, ta toshe ramin kunne ruf kamar murfin kwalba!

Na zame na zauna a ƙasa. Mijina ya riƙe baki. Gwaggo ta kaɗa yatsa a gefen kunnenta, ta ji ƙara, ta dubi abin da ke kan hantsakin ta ce, "Allahu akbar. Ashe nan kika shige? Ni ina can ina zargin ɓera."

Likita ta nufi kwandon shara da robar, sai Gwaggo ta yi wuf ta riƙe mata riga. "A'a, 'yata, ba ni abata. Duk Njamena ita kaɗai ce ta taɓa zauna mini daidai."

"Mama, ai zaman ne ya yi yawa!"

"Mako uku ba ta faɗo ba. Nuna mini wata mai wannan amana."

Muna fita ta ce wa mijina, "Tayar da babur, Abena za mu."

Na ce, "Gwaggo, me kuma za ki yi a Abena?"

"Gafarar na bar mata, wannan tsakanina da Allah ne. Amma tukunyata za ta dawo."

"To sirrin yajin fa? Shi ai ya riga ya fita."

Ta kalle ni kamar ta ga sakarya. "Ke Dije, don zan mutu sai aka ce miki hankalina ya gushe? Ai na rage kimba ban faɗa mata ba."

Da Habu ya ji labarin sai ya aiko mata da masu tsada, irin marasa igiyar nan, wai don a huta. Ta juya akwatin sama da ƙasa. "Ina igiyar?" Na ce haka ake yayi yanzu. "Kuɗi ya ƙaru, kaya ya ragu?" Ta dai saka. Sauti kam ta yarda ya fita, sai dai wai ya fita fiye da kima: "Ina jin malam yana haɗiye yawu, wannan ai shiga sirrin mutum ne." Ta miƙe ta yi tsallenta a gaban murhu. A tsalle na biyu na dama ya yi fiffike, tsulum cikin tukunyar farfesu! Na ƙwala ihu, don na san abin da Habu ya kashe. Ita kuwa ta sa ludayi ta tsamo shi yana tururi, ta nuna mini. "Kin gani? Da yana da igiya, da a ƙirjina zai tsaya."

Ciwon da ya tafi da ita bara bai yi mana sallama ba, kwana tara kawai ta yi a asibiti. A gadon da ke kusa da nata akwai wata dattijuwa daga kudu, ba ta jin Hausa, Larabcin ma kaɗan-kaɗan, kuma ba mai zuwa duba ta. Wuni take tana kallon silin tana nishi. Kun dai san Gwaggo, igiyar da ta zama tata ko ni ba na taɓawa. Wata rana da hantsi na shigo da kunu, sai ta ce mini da ƙyar, "Turo gadona kusa da na matar can. Igiyar gajera ce."

Na tura. Ta cire ɗaya daga kunnenta, ta miƙa ta saka wa matar. Ta ce in yi ta murɗa rediyon wayar har sai fuskar baƙuwar ta canza. Na yi ta murɗawa. Can sai matar ta zaro ido, ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo mata: an faɗo tashar da ake magana da yarensu.

Haka suka wuni, kai kusa da kai, igiya ɗaya a tsakaninsu. Na sunkuya na ce, "Gwaggo, kina gane abin da ake faɗa kuwa?"

"Ko kalma ɗaya. Ke dai yi mana shiru, muna jin labarai."

Bayan kwana biyu, ranar Alhamis da la'asar, ta cika. Da aka zo fitar da ita, matar nan ta riƙe hannuna gam tana magana da yarenta tana kuka. Ban gane ba, amma na amsa mata da amin.

Ya Allah, ga Gwaggo Azumi nan ta zo gare Ka. Ka yafe mata zafin bakinta, Ka dubi sanyin zuciyarta. Yadda ta matsa da gadonta kusa da baƙuwar da ba ta da kowa, Ka matso da rahamarKa kusa da ita, kada Ka bar ta ita kaɗai. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.