Gurbin Mai Wake a Takarda

A kakar 2013 fasfona yana ofishin shige da fice na Alƙahira, ana sabunta mini iƙama, wato izinin zama. Katin ɗalibi kawai ke aljihuna. Shekarata ta ƙarshe ce a jami'a, kuma duk ɗan ƙasarmu da ke unguwar Darrasa ya san cewa baƙon da aka kai caji ofis a wancan lokacin ba takarda, daga nan sai filin jirgi.

A cikin wannan hali nake raka wani dattijo mai zane, ɗan Ostiriya. A shagon littattafai muka haɗu yana neman mai jin Turanci da Larabci, na amince da ranakun da ba na zuwa karanta labarai a rediyo. Ya haura saba'in. Ya ce a garinsu ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana masu wanki da masu gasa burodi, da sanyi ya fara cin gwiwoyinsa sai ya riƙa gudowa Masar. Dala da manyan masallatai ba su dame shi ba. Mutum a bakin sana'arsa yake nema.

Da fentin ruwa yake aiki, kuma yana da tsari. Zai fara jan bango da ƙofofi da fensir, ya shafa musu launi, ya bar wurin mutumin fari fat sai a ƙarshe, domin a irin wannan zane launi in ya taɓa takarda ba ya goguwa. Kafin ya ja layi kuwa sai ya miƙe hannu da burushi, ya rufe ido ɗaya, yana gusa babban yatsa yana auna abin da ke gabansa.

Ran nan da safe ya zauna yana kallon wani mai sayar da ful, dafaffen waken da Misirawa ke karyawa da shi. Can bayan keken mutumin akwai shingen 'yan sanda, da buhunan yashi da motar sulke. Na nuna masa. Ya ce daga nan ne kaɗai haske ke sauka a kan tukunyar. Ya miƙe hannu, ya rufe ido.

Wani mai rigar fata ya taso daga wurin shan shayi ya tambaye ni abin da khawaga yake aunawa. Haka suke kiran Bature. Kafin in amsa ya fizge allon zanen. Mutane suka kewaye mu. A takardar ba kowa: bango, ƙofofi, bakin lungu, sai farin fili a tsakiya. Wani ya ce taswira ce. Wani ya ce farin wurin nan ne za a ajiye bam. A turereniyar aka zubar da kwalbar ruwan dattijon, wani kuma ya nufi shingen.

Na yi musu bayani a tsanake, da Larabcin makaranta.

"Ku ji shi, kamar talabijin," in ji mai rigar fata. "Kai ya samara, kai ne ɗan jagoran nasa?"

Samara baƙar fata ke nan. Na koma Larabcin titi, na roƙi a mayar masa da allon ya ƙarasa a gabansu, in taswira ce kowa zai gani. Suka yarda, ina jin don su tsare mu ne kafin ɗan sanda ya iso.

Dattijon bai fahimci komai ba. Na gaya masa da Turanci, ban sauya fuska ba, cewa ya sa mai ful a gurbinsa yanzu. Ya ce takardar ba ta bushe ba, launin zai malale. Na ce in bai yi ba, ni za a sa a jirgi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya nemi ruwa.

Ba wanda ya motsa. Mai ful ne ya tsiyayo daga jarkarsa a kofin shayi ya miƙo, ya koma ya ƙame kamar soja don a zana shi. Dattijon ya girgiza kai, ya ce ba haka ba, aiki zai yi. Na ce da mai ful, "Ammu," wato baffa, "ci gaba da kwasar wakenka." Ya ɗauki doguwar ludayinsa, amma idonsa na kanmu.

Dattijon ya fara zane. Na ga kai ya fito, sai kafaɗa, sai hannu a bakin tukunya. Shuɗin rigar ya taɓa danshin bango ya fara yaɗuwa.

Ɗan sandan ya iso a nan. Ya karɓi fasfon dattijon, ya juya shi, ya mayar. Ya miƙo mini hannu. Na ce, ya basha, wato ranka ya daɗe, nawa yana wurin sabuntawa. Bai janye hannun ba. 

Mai ful ya leƙo ta kafaɗar dattijon. Shuɗin ya gama malalewa daga cikinsa har tukunyar.

"Ya khawaga, wannan tumbin nawa ne ko na tukunya?"

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka matso su gani. Mai ful ya yage takardar daga allon da ɗanyen launinta, ya shaida wa ɗan sandan cewa hotonsa ne, ba na gwamnati ba. Ya cika gurasa da wake ya ɗora a tafin hannun da ke jiran fasfona.

Ɗan sandan ya dubi gurasar, ya dube ni.

"Yalla, ku wuce. Kada in sake ganinku a nan."

Muka shiga ƙaramar bas da dattijon, muka yi nisa. Ya ce tun yana saurayi bai taɓa barin zane mai muni irin wannan ya fita daga hannunsa ba. Bai sake auna komai a titi ba. Sauran sanyin a tagar ɗakina ya yi shi, yana zana masu shanya da masu kiwon tantabaru a saman gidaje.

Fasfona ya fito, na gama karatu. Har na bar Alƙahira a 2015 takardar tana rataye a keken ful, da sawun yatsan mai ita a gefe, tururi ya nannaɗe bakinta. Shingen bai shiga cikinta ba ko da layi ɗaya.