Gurasar Mama daga Lyon

Muna idar da sallar asuba muka bar Saint-Denis, ni da abokina ɗan Maraɗi, ran wata Lahadi mai sanyi. Aike ne ya fito da mu. Maƙwabciyata, tsohuwa Ba'armeniya da nake kira Mama, ta yi wata uku a kwance, likita ma ya daina ba mu baki. Ita ta koya mini cike takardun zama lokacin da ban san kowa a ƙasar Turawan nan ba. Abu ɗaya ta roƙa: gurasar da ake rabawa bayan addu'a a cocin da aka yi mata baftisma a Lyon. Mas suke kiranta, kuma al'adarsu ce a kai wa wanda ciwo ya hana zuwa.

Tikitin jirgin ƙasa ya ji mana jiki, amma cikin awa biyu jirgin ya sauke mu a Lyon. Abokina ya kwashe hanyar da munshari, rungume da ƙatuwar jakar da muka tanada don gurasa.

Cocin yana cikin tsohuwar unguwa, ƙofarsa na fitar da ƙamshin lubban kamar ɗakin kakata. Muka tsaya waje muna jin rera addu'arsu har aka tashi. Na gaya wa dattijon da ke rabo saƙon Mama. Ya nuna mini in miƙa bayan hannun dama, ya ɗora ɗan gutsure mara kauri, bai kai yatsa biyu ba. Abokina ya dubi jakar, ya dube ni.

"Malam," ya ce mini, "shi ke nan duka?"

Kunya ta kama ni ƙwarai. A garinmu wa zai yi irin wannan tafiya ya koma da abin da iska za ta ɗauke? Na naɗe shi a hankici, muka biya kasuwa muka cika jakar da burodi da jar alawar gyaɗar garin.

Da la'asar muka iso. Na zube kayan a gefen gadonta ina ba da haƙuri. Ko kallonsu Mama ba ta yi ba. Bayan hannunta kawai ta miƙo. Na ɗora mata, ta sumbaci gutsuren, ta daɗe tana taunawa ido a rufe.

"Ɗana," ta ce, "yau na je coci."

Na yi tafiye-tafiye, amma ranar na san cewa mai aike ne kaɗai ya san nauyin abin da ya aika a kawo masa. Na fita baranda don kada ta ga hawayena.