Sanduna Huɗu Cif

Akwai wani mutum a ofishinmu da har gobe ba na amsa gaisuwarsa. Teburinsa na kusa da taga, nawa na bayan ƙofa, shekara biyu ke nan muna haka. Mutane na cewa na cika riƙo. To, na cika.

Shi ne masanin sabis ɗin waya na ofis, ba tare da wani ya naɗa shi ba. Kullum yana yawo da wayoyi biyu da tablet, yana ɗaga su sama kamar mai shanya, yana sanar da mu abin da ba mu tambaya ba: bakin taga ya fi tsakiyar ɗaki, a nan Jalingo unguwar Barade ta fi Majidaɗi, sandunan da ke saman waya ƙarya suke yi, sai an shiga ciki an duba wata lamba. Da ka ce wayarka na nauyi, hannunsa ya riga ya miƙo.

A lokacin mahaifiyata, Dada, tana kwance a garinmu Lau. Ƙanina ke jinyarta, ni kuma ina zuwa duk Asabar. Mun yi da shi cewa in jikin ya motsa ya kira ni ko da ina gaban oga, tunda tafiyar ba ta fi ƙarfin yini ba. Ƙaramar waya ce da shi mai madannai, kira kawai ya sani, ba ya rubuta saƙo. Saboda wannan kiran nake shiga ko banɗaki da wayata.

Ranar Litinin wata takarda ta ƙi buɗuwa a wayar, na yi tsaki. Kafin na rufe baki masanin sabis ya iso.

"Madam, kawo. Wayarki tana tsalle ne tsakanin layuka. Bari na ɗaure ta wuri ɗaya."

Na ba shi. Wannan laifina ne, ban taɓa musawa ba. Ya yi 'yan danne-dannensa ya miƙo min, sanduna huɗu cif, takarda ta buɗe nan take. Har godiya na yi masa, abin da ke ƙona min rai ke nan in na tuna.

Ranar Talata na kira ƙanina, kiran ya katse tun bai fara ringin ba. Na sake, haka. Na je teburinsa na ce, "Malam, tun da ka taɓa wayar nan kira ba ya fita."

Ya karɓa, ya buɗe lambarsa ta fama, ya juyo min da ita. "Kin gani? Taki lafiya lau. Matsalar daga Lau ne. Ai ƙauye sai haƙuri."

Wai ƙauye. Na koma wurina. Saƙonnin guruf ɗin ofis suna ta shigowa, hotunan biki, wa'azi, tallan atamfa, don haka na yarda wayata ƙalau take. Na ɗauka shirun ƙanina sauƙi ne. Ban ari wayar kowa ba, kuma wannan ma nawa ne.

Ranar Laraba bayan la'asar ina haɗa jaka, mai gadi ya ce ana sallama da ni. Wani direban motar Lau ne da ya san gidanmu. Ya tsaya yana murza makulli a hannu, ya ce, "Hajiya, tun safe ake nemanki. Sai haƙuri. An kai ta bayan azahar."

Na dubi wayar da ke hannuna. Sanduna huɗu.

Bayan addu'ar bakwai na dawo Jalingo na kai wayar wurin mai gyara a kasuwa. Ko minti biyu bai yi ba ya ɗago. Ya ce wani ya kulle ta a 4G kaɗai, kuma irin wannan wayar in aka yi mata haka data za ta yi ta gudu, amma kira ba ya shiga ba ya fita. Ya danna abu ɗaya, ya kira ni da tasa, wayar ta ɗau ƙara. Na karɓi wayata na fito.

Washegari a ofis na sami masanin a bakin tagarsa. Na faɗa masa a gaban kowa, da murya a ƙasa, don ban so a ce kuka ne ke magana. Kun san me ya ce?

"Ai da kin faɗa min kina jiran kira mai muhimmanci. Kuma Madam, lokaci ne ya yi."

Na sani lokaci ne. Ba shi zai koya min ba. Ban ce shi ya kashe ta ba, kuma ko da na je ba zan ƙara mata minti ɗaya ba. Abin da ya ɗauke min shi ne na zauna kusa da ita, na riƙe mata kai, na ga an yi mata wanka. Da ya ce "na yi kuskure" sau ɗaya, wataƙila da yanzu na huce. Bai ce ba. Har yau yana ɗaga wayoyin mutane sama, kuma ana ba shi.

Sai da aka yi wata guda ƙanina ya iya ba ni labarin safiyar. Ya ce Dada ta yi ta tambayata, shi kuma yana fita tsakar gida yana kira, yana dawowa yana cewa ba ta shiga. A karo na ƙarshe ta ce ya kawo ta ji da kunnenta. Ya kara mata wayar, ta saurari muryar matar nan mai cewa ba a samun lambar, har ta gama.

Sai ta ce, "Ƙyale ta. Aiki ne ya yi mata yawa."