Ɗorawar Delu ta Ƙarshe

Matso nan ka zauna, in ba ka labarin Delu mai daddawa ta Ɗansoshiya, ko na rage haushi.

Shekara talatin Delu tana dafa kalwa, da sana'ar ta aurar da 'ya'ya huɗu. Ɗorawa bakwai ta gada wurin uwarta. Ka dai san yadda ake a wurinmu, gona ta wani, bishiyar ciki ta wani. Ɗaya iska ta kayar, biyar masu gawayi suka sare ba ko sallama. Saura ɗaya tal, a tsakiyar gonar ƙanin mijinta, Sunusi.

Sunusi ya tsani inuwar nan, wai tana hana masararsa tashi. Sara kuwa ba dama, tun bayan ɓarnar masu gawayi mai gari ya hana a taɓa ɗanyar bishiya. To me ya yi? Duk bazara in ya share gona, sai ya tara kara da ƙaya a gindin ɗorawar ya cinna wuta.

Ga Delu da ciwon ƙirji. Daga kaka zuwa bazara garin ba ya rabuwa da hayaƙi, ramukan gawayi na turnuƙewa, masu neman gafiya sun saki wuta a daji. Malamar asibiti ta ce ta guji hayaƙi. Ta guje shi ta tafi ina?

Ranar da ta hango gonar na ci, ta ja mayafi ta tafi tana tari.

"Sunusi, kashe ta za ka yi?"

"Haba matar Yaya, kin ga gatari a hannuna? Shara nake ƙonawa."

"Duk faɗin gonar nan, sharar ba ta kamawa sai a gindin abincina?"

"Nan ne babu iska."

"Babu iska? To wa ya kai min hayaƙin har ɗaki?"

Ta kai ƙara. Mai gari ya zagaya bishiyar, ya ce shi bai ga sara ba.

Shekara ta uku ɗorawar ko ganye ba ta yi ba. Busasshiya kuwa ba mai hana sarewa. Sunusi ya kira masu gawayi, mako guda raminsu na hayaƙi a bayan katangar Delu. Da aka gama ya aika mata gawayi buhu biyu, wai rabonta, shi ba ya cin haƙƙin kowa!

Yanzu waken suya take sayowa a Ƙafin Maiyaki ta yi daddawar da shi. Masu saye su shinshina su ce, "Iya, hannunki ya canza."

Buhunan na nan jingine a zaure, ta ƙi taɓawa, ga itace ya yi nisa. In kai ne, za ka hura su?